Kafin Maigidanki Ya Kwaɓa Siminti

Uwata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina kuma roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya tsare ki a gidan da kike shirin bari da wanda za ki shiga.

Za ki yi mamakin samun takarda daga mutumin da bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da naki. Ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata kika ci. Tun da aka haife ki ban taɓa zaunar da ke na yi doguwar magana ba, ba kuwa yanzu zan fara ba da gida ya cika da mata 'yan biki. Rubutu shi ne aikin da na iya. Nasihar zaman aure Ummanki da gwaggwanninki sun yi miki, sun kuma fi ni sanin ta. Ni kan kajinki zan yi magana.

Jiya Gwaggonki Rabi ta dawo daga Bunkure, inda suka je duba ɗakin da za a yi miki jere. Ta zauna a tsakar gida tana yabon maigidanki, ta ce yaron nan akwai hankali, ya kewaye bayan gida da ragar waya saboda kajin amarya, ga buhunan siminti jingine da bango, ranar Asabar birkila zai zo ya shafe wurin gaba ɗaya. Ta ɗaga murya yadda zan ji daga zaure, ta ce, "Yaya, kajin 'yarka sun yi goshi. Mu da aka kai mu ɗakin daɓe sai mu yi ta kallo." Mata suka yi dariya. Ni ban yi ba, domin na san unguwar.

Kin san asalin kajin nan. Daga kazar da Inna, kakarki, ta ba ki lokacin da kika shiga sakandare suka fito. Sun tsallake shekarar murar tsuntsaye da ta share akurkin rabin garin nan. Idan aka shafe wurin can da siminti kamar yadda aka shirya, ina tsoron da yawansu ba za su ga damina ba. Siminti kuwa in ya kama ya kama. Babu angon da zai ɗauki guduma ya fasa abin da ya yi don ya faranta wa amaryarsa rai. Ni ba zan iya kiran suruki in ce masa abin da ya shirya kuskure ne ba. Ke kina da waya, kuma ke zai saurara. Abin da ya rage mini shi ne in gaya miki abin da na gani da idona, ki auna.

Shekarar da na bar aikin gyaran rubutu a gidan jarida na dawo Kura, kina ƙarama sosai. Na zo da littattafan kiwon kaji cikin kwali, na karance su tsaf, kusan dukkansu kuwa sun ce siminti ne tsafta: ka share, ka wanke, shi ke nan. Ban lura cewa masu littattafan suna magana ne kan manyan ɗakuna masu rufi, a ƙasashen da rana ba ta yin irin tamu ba. Na sa aka shafe akurkin da suke kwana da filin da suke yini duka, sumul kamar falon gidan gwamnati. Ɗanjuma, taubashina, ya leƙo ta kan katanga ya ce, "Edita, saura kujeru da fanka. Ko ka saya musu jaridar safe?" Na ce masa in ya ga ƙwai zai dawo da kwano.

Bai dawo da kwano ba. Da bazara ta shigo, simintin ya riƙa ɗaukar zafi har ba ka iya taka shi ba takalmi. Kajin suka cure a gindin bango, baki buɗe, fukafukai a saki. Kaza kuma tono ne aikinta tun safe har yamma, kuma a birgima cikin turɓaya take wanka. Da na hana su duka biyun, sai suka koma kan junansu, suna tsige gashin wadda ta fi rauni har jini ya fito. Manyan cikinsu tafin ƙafarsu ya kumbura ya yi ƙurji saboda dira kan abu mai tauri. Birkilan bai bar gangara ba, ni ma ban ce ya bari ba, don haka duk ruwan da ya zube daga mazubinsu sai ya kwanta ya haɗu da kashi. Wankin da littafi ya ce yana da sauƙi ya zama aikin kullum, Ummanki kuwa ta ce ba don wanke bayan kaji aka kawo ta ba. Daga baya simintin ya tsage, gafiya ta haƙa rami a ƙarƙashinsa inda babu mai iya cim mata. Ni da kaina na fasa shi.

Abin da na ɗauka daga nan shi ne siminti yana da wurinsa, amma wurin ƙarami ne. Ya dace da cikin akurkin kwana, inda akwai rufi, muddin an ba shi gangara zuwa ƙofa, an kuma lulluɓe shi da shimfiɗa mai kauri yadda ƙafar kaza ba za ta taɓa shi ba. Filin da suke yini a ƙarƙashin rana ba wurinsa ba ne.

Da na fasa, sai na yi abin da mutum kan yi in ya ji haushi: na koma ɗaya gefen gaba ɗaya. Na ce kaza a ƙasa Allah Ya halicce ta, a bar ta a ƙasa. Na kwashe ɓaraguzan na bar ƙasar gidan yadda take. Wannan shi ne kuskuren da ya fi shafar ki, don haka ki karanta nan a hankali.

A ko'ina cikin ƙasar Hausa, mutum ya san damina ce lokacin jiƙa, rani lokacin bushewa. A nan ba haka ba ne. Mu ruwanmu na rani ta ƙasa yake zuwa. Idan aka saki ruwa a kanal don noman tumatir da alkama da albasa, ƙasar duk yankin takan sha ta ƙoshi, danshi ya yi ta hawowa daga ƙarƙashi, ko da sama babu ɗigon hadari. Gidan da ke kan tudu ba ya ji. Gidan da ke kwari, ko kusa da ƙaramin kanal, yana ji a gindin bangonsa. Na fasa simintin nan ne a tsakanin kaka da noman rani, lokacin da aka rufe ruwa ana yashe kanal, ƙasa ta bushe ƙayau. Na duba na ce madalla. Ana sakin ruwa, filin ya fara yin duhu daga kusurwar yamma, ya yi santsi, ya soma wari. Kajin na tono cikin caɓi suna cin abin da ya faɗa ciki. Ba a jima ba sagarorin suka fara zawo mai jini, suna tsayawa a takure ido rufe. Malamin dabbobi ya zo ya ba da magani, ya ce maganin zai yi aiki, amma muddin suna kan wannan laimar cutar za ta dawo. Ta kuwa dawo.

Ranar kasuwar Bunkure da ta wuce na je neman irin albasa. Ban shiga gidan ba, bai kamata in shiga ba, amma na bi ta bayansa. Gidan yana ƙasa-ƙasa, ƙaramin kanal yana wucewa kusa da katangar baya. A gindin katangar akwai farin zane kamar an yayyafa kanwa, ya kai tsayin ƙwauri, wato iyakar inda danshi ke hawa ke nan. Ciyawar wurin kuma shar take alhali ta kan hanya ta bushe. Maigidanki mutumin Kumbotso ne, aikin koyarwa ne ya kawo shi Bunkure, kuma yanzu ruwa a rufe yake. Abin da ya gani shi ne busasshiyar ƙasa, ya yi abin da kowane mai hankali zai yi da ita. Ba laifinsa ba ne. Amma siminti a kan irin wannan wuri ba ya hana danshi, ɓoye shi kawai yake yi har ya tsage.

Idan kina son shaida, ba sai kin dogara da ni ba. A haƙa rami a bayan gidan har hannu ya nutse zuwa gwiwar hannu, a damƙi ƙasar ƙarshensa. In ta dunƙule ta bar sanyi a tafin hannu yanzu da ruwa ke rufe, kin san yadda za ta zama in an sake shi. A kuma tambayi matan maƙwabta inda suke ajiye buhun hatsi da rani, a ƙasa ko a kan dutse. Amsar za ta ishe ku.

Maganin wannan ɗaya ne: a ɗaga wurin. Ƙasan filin kaji ya fi sauran bayan gidan tudu da kamar taƙi guda, ya ɗan karkata zuwa inda ruwa zai fita. A fara zuba burji, jan tsakuwar da ake gyaran hanya da ita, a daddanne. Shi ne ke raba kajin da danshin ƙasa. A kansa a zuba yashi mai tsakuwa-tsakuwa, irin na rafi, kauri kamar faɗin tafin hannu. Yashi, ba rairayi mai laushi ba, domin mai laushin yana riƙe ruwa yana kuma kamewa. Yashi ruwa na ratsa shi, kashi na bushewa a kansa a kwashe da manjagara, kaji kuma suna tsintar ƙananan duwatsun da ke taimaka musu niƙa abinci. Aibinsa guda: yana ɗaukar zafi da bazara. Saboda haka rabin filin ya samu rumfa ta zana ko ta kara, ba ta kwano ba.

Ban gane wannan a lokaci ɗaya ba. Tsakanin caɓin da yashin akwai wani kuskuren, wanda ni da Ɗanjuma muka yi tarayya a cikinsa. Da ya ji ina neman ƙasar cike wurin, ya ce me zai kai ni rafi alhali ga lakar da aka yaso daga kanal tsibi-tsibi a bakin hanya, babu mai ita. Ya ce baƙar ƙasa ce mai albarka, cike da tsutsa da ƙananan katantanwa, kaji za su yi ƙiba ba tare da an ba su dusa ba. Ya ce shi ma ita zai zuba wa nasa. Maganar ta yi mini daɗin ji. Muka yi ta jigila da baro. Da farko kajin suka yi ta murna. Amma laka in ta bushe tsagewa take yi ta yi ƙarfi kamar tukunya, in ta jiƙe kuma ta koma abin da take. Sai kuma kaji suka fara mutuwa, nawa da nasa, ba zawo, ba tari, ka ga kaza tana layi ta faɗi. Kin san mutane a bakin kanal suke wanke tankin feshi, a nan kuma suke jefar da kwalaben magani. Ko wannan ne, ko wani abu ne daban da ke cikin lakar, ban sani ba. Ban kai gawar ko ɗaya an duba ba, don haka ba zan rubuta abin da ban tabbatar ba. Abin da na sani shi ne mutuwar ta tsaya bayan mun kwashe lakar. Ɗanjuma ya zo ya tsaya a ƙofar zaure ya ce, to, yanzu wa zai yi wa wani dariya. Na ce babu, ya shigo mu sha shayi.

Don haka kada ki bari a zuba wa kajinki ƙasar kanal ko ta gonar da ake feshi, ko da kyauta ce, ko da wanda ya kawo ta mai ƙaunarki ne. A Bunkure za a yi miki tayinta, domin tana nan a ƙofar kowa. Ki yi godiya ki ce a kai ta gindin mangwaro.

Sai buntu, wato ƙaiƙayin shinkafa. Mu mutanen Kura muna da shi har ya yi mana yawa, duk inda injin shinkafa yake akwai tudunsa a baya, masu injin ma murna suke yi in an kwashe. Kuma gaskiya ban ga shimfiɗar da ta kai shi ba a cikin akurki: yana shan laima, yana da taushi a ƙafa, kaji na son tona shi. Da shi za a rufe simintin akurkin kwana, har ya kai idon sawu. Amma shi ma ya taɓa ci na. Wata shekara kaji uku suka ƙyanƙyashe kusan tare, na so in yi wa 'yan tsakin sabuwar shimfiɗa. Na je bayan wani inji na tarar an kwashe saman tudun, sai na haƙo daga ƙasa. Inda matan da ke turara shinkafa suke zubar da ruwa nan ne gindin tudun. Buntun ya yi ɗumi a hannu, yana ɗan wari irin na tsohon rumbu. Na ce zai bushe a ciki. Ummanki ta sunsuna ta ce ita dai ba za ta kwanta a kan wannan ba, amma ta taya ni shimfiɗawa, don ita ma ta ɗauka zai bushe. 'Yan tsakin suka fara miƙa wuya suna buɗe baki kamar masu neman iska. Ƙurar funfunar da ke ciki ce ta shiga huhunsu, kuma wannan ba shi da magani. Kina makarantar kwana lokacin. Da kika dawo hutu kika tambayi inda 'yan tsakin suke, aka ce miki ba su yi rai ba, ba ki ƙara tambaya ba.

Buntu daga saman tudu ake ɗiba, a shanya shi a rana a kan tabarma ko da ya yi kama da busasshe. Ki damƙa: in ya watse da kin buɗe hannu, ya yi; in ya dunƙule, bai yi ba. Ki sunsuna: in kika ji wani wari ban da na shinkafa, ki bar shi. Ki guji wanda ya gauraya da dusa mai yawa, yana jawo ɓera, yana kuma saurin ruɓewa. Karan shinkafa in ba a daddatse shi ba yakan kwanta ya manne, sama a bushe ƙasa a ruɓe. Garin katako mai laushi 'yan tsaki na ci ya toshe su. Ɓawon gyaɗa yana yi in ya bushe sarai. Duk wanda kika zuba, a riƙa juya shi da manjagara, inda ya jiƙe a kwashe nan take a cike da sabo. Mazubin ruwa kuma kada ya zauna kan buntu, a yi masa ɗan dandamali nasa a waje.

Akwai kuskuren da ban yi ba, amma saura kaɗan. Kafin murar tsuntsaye ta ɓulla, wani ya yi mini tayin tsohuwar shimfiɗar wata babbar gonar kaji, ya ce akwai ragowar abinci a ciki, kajin gida na ƙiba da ita. Na amsa. Mai motar ne bai zo ba. Ba zan ce hikimata ce ta tsare kajinki a shekarar ba, rashin cika alkawarin direba ne. Abin da wata kaza ta taka kada ki kawo wa taki, haka kuma mai sayen kaji da ya zaga kasuwa kada ya taka cikin filin da takalminsa. A fito masa da kazar waje.

A kusurwa ɗaya ƙarƙashin rumfa, ki tanadi wurin birgima: busasshiyar turɓaya da tokar murhu, a cikin tsohuwar taya ko fasasshen baho don kada ta jiƙe. Da ita suke kashe ƙuma. Tokar itace nake nufi, ba ta bolar da aka ƙona leda a ciki ba. In dattijan matan unguwar suka ce za su yi miki daɓe da makuba a ɗakin kwanan kajin, kada ki ƙi. Inna da daɓe ta yi kiwo duk rayuwarta, kuma kajinta ba su san ciwon ƙafa ba. Sai dai ita gidanta a kan tudun tsohon gari yake. A wurinki daɓe ba zai riƙe ba sai a kan burjin da aka ɗaga.

Yanzu sai maganar da ta fi duk waɗannan wuya, wato yadda za ki gaya masa. Na yi shekaru ina gyara rubutun mutane, na kuma ga cewa mutum yakan karɓi gyara in aka bar masa jimlarsa aka matsar da kalma ɗaya, amma in aka soke shafin duka sai ya kare shi ko da ya san ba daidai ba ne. Kada ki ce masa siminti bai yi ba. Ki ce simintin yana da aiki uku. A ja ɗan gajeren gini, bulo ɗaya ko biyu, kewaye da filin a gindin ragar waya, don ya riƙe yashin kada kaji su watsar da shi, ya kuma hana gafiya kutsowa. A shafe cikin akurkin kwana da gangara. A yi dandamalin ruwa. Birkilan zai samu aikin yini, simintin ba zai yi kwantai ba, Gwaggonki kuma za ta ci gaba da yabo. Na ji an ce ya kama 'yar gona zai gwada tumatir bana. Ki gaya masa buntun da kaji suka taka in ya kwana biyu a tsibi babu takin da ya fi shi. Kada ki ce Baba ne ya ce. Ki ce abin da kika gani ne a gidanku, kuma gaskiya ne, kin gani, ko da ba a yi miki bayani ba.

Mai yiwuwa ya ƙi. Gidansa ne, kuma ba a kan kaji za ki fara jayayya da miji ba. In ya tsaya a kan siminti, ki roƙi abu biyu kawai: a ɗaga wurin da burji kafin a shafe, a kuma bar gangara. Daga baya kya lulluɓe shi da yashi da kanki, ki yi rumfa. Ba zai kai wancan ba, amma zai rage ɓarna.

Na yi magana da mai amalanken shanu a kan burji da yashin rafi. Na ce wa Ummanki za a kai da sunanta, a cikin kayan da uwa ke yi wa 'yarta, don kada surukin ya ji kamar an bi bayansa an duba aikinsa. Ta ajiye abin da take yi ta dube ni. Ta ce, "Malam, yashi? Kowa na kai 'yarsa da gado da kwalla, ni in kai tawa da yashi? Har Kumbotso sai an ba da labarina." Na ce gadon da kwallar ai suna nan, babu wanda ya rage. Ta ce in dai za a kai, a kai mai kyau, kada a haɗa mata da rairayi a ja mata abin kunya.

Ita shawararta daban ce. Ta ce a riƙe kajin a nan, a ce miki sai kin zauna kin huta, in ya so in an ga yadda wurin ya kaya a aika miki da su kaɗan-kaɗan. Na yi tunani a kai, domin ita ce hanyar da ta fi tsare kajin. Ban yarda ba. Ke Inna ta ba wa, ba ni ba, ke kuma kika yi wahalarsu. Ba zan fara zamanki a gidan miji da ɓoye miki abinki ba. Ranar da za a kai ki, za a sa su a keji duka, har da zakaran, su bi ki.

Amalanken ba zai tashi ba sai da izininki, kuma in zai yi amfani dole ya isa kafin birkila. In kin yi magana da maigidanki ya amince, ki gaya wa Ummanki, ita za ta gaya mini. In ba ki ce komai ba, na fahimta, kuma ba zan tambaye ki ba, yanzu ko nan gaba.

Filin nan na bayan gida ba zan rushe shi ba. Ummanki tana son wurin don shanya, na ce ta yi haƙuri zuwa damina. Zan ci gaba da juya buntun, in gyara rumfar. In an saki ruwa kika ga ƙasan can ya fara duhu, kada ki jira ta farko ta faɗi, kada kuma ki tsaya neman abin da za ki ce. Ki sa su a keji ki aiko. Za su tarar da wurin a bushe.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya sa ki shiga da ƙafar dama. Ya tsare ki daga sharrin da kike gani da wanda ke ƙarƙashin ƙasa ba ki gani. Ya ba ku zaman lafiya ke da maigidanki, Ya sa albarka a abin da za ku kiwata da abin da za ku shuka. Ya jiƙan Inna. Ki gaishe da maigidanki, amma kada ki ce daga wa.

Wassalam.

Mahaifinki.